M. G. Smith (1921-1993) da Hanyar Nazarin Sarautar Zazzau

Da wuya ɗalibin da ke nazarin sarautun ƙasar Hausa ya kammala kundinsa bai ci karo da sunan Michael Garfield Smith ba, amma kaɗan ne suka san mutumin Jamaika ne. An haife shi a birnin Kingston a shekarar 1921, kuma a ƙuruciyarsa an fi saninsa da rubuta waƙoƙi cikin Ingilishi. Ya tafi Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada karatun adabi, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa hanzari, ya shiga sojan Kanada, aka kai shi fagen fama a Turai. Bayan yaƙi ya zauna a Landan, inda ya karanci ilimin nazarin al'ummomi a hannun Daryll Forde.

A shekarar 1949 ya iso lardin Zariya tare da matarsa Mary, suka yi aiki har 1950. Abin da aka aiko shi yi shi ne binciken tattalin arzikin jama'a, don haka ya shiga ƙauyuka yana zama da magidanta, yana tambayar abin da suka noma da abin da suka sayar da abin da suka kashe a biki da suna. Littafin wannan aiki ya fito a 1955. Sai dai akwai ƙofar da ba ta buɗuwa ga namiji baƙo, wato cikin gida. Mary ce ta shiga, ta zauna da wata dattijuwa a Giwa tana rubuta tarihin rayuwarta da Hausa, abin da ya zama littafin Baba of Karo a 1954. Baba ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba.

Aikin da ya fi shafar ɗaliban kimiyyar siyasa shi ne Government in Zazzau na 1960. Tambayarsa ita ce yadda tsarin mulki ke sauyawa, ya kuma kwatanta hali uku: tsarin Haɓe kamar yadda ya wanzu a Abuja, wato Suleja ta yau, da mulkin Fulani a Zariya bayan jihadi, da kuma zamanin Turawa. Dabararsa mai cin lokaci ce. Yakan bi sarakuna ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi masana wa aka naɗa Madaki ko Galadima a kowane zamani, wa aka tuɓe, mene ne dangantakarsa da sarki, sannan ya gwada wannan ruwaya da waccan. Daga jerin naɗi da tuɓewa ne ya fito da yadda gidajen Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa suka yi ta gogayya, kowane sabon sarki yana kawar da mutanen wanda ya gada domin ya saka nasa. A nan ya bambance siyasa, wato takarar iko, da gudanarwa, wato zartar da umarni bisa matakai. A ganina, ƙarfin littafin yana cikin wannan haƙuri na tattara bayanai, fiye da dokokin sauyin mulki da ya yi ƙoƙarin tsarawa a ƙarshensa.

Akwai rauni kuma. Bayanin Abuja ya dogara ne ƙwarai ga rubutun Malam Hassan da Malam Shu'aibu, kuma ɗaukar Abuja a matsayin madubin Zazzau ta kafin jihadi zato ne mai buƙatar hujja, tunda waɗanda suka yi hijira sun tarar da wata ƙasa da wasu mutane. Yusufu Bala Usman ya soke shi a kan kallon tarihi ta fuskar Fulani da Haɓe, yana ganin wannan rabo ya rufe bambancin sana'a da mazauni da aƙida. Suka ce da ta dace duk mai hira da masu sarauta ya riƙe, domin mai ba da labari yana da gidan da yake karewa.

Smith ya dawo Arewa a ƙarshen shekarun 1950, ya tattara bayanai a Kano da Katsina da Daura da Sakkwato. Daga nan ya koyar a Los Angeles da Landan da Yale, ya kuma zama mai ba Firayim Minista Michael Manley shawara a Jamaika, inda aka fi saninsa da ra'ayinsa kan al'umma mai rukunoni mabambanta. The Affairs of Daura ya fito a 1978. Ya rasu a Bristol ta Ingila a 1993, littafinsa na Kano kuwa sai a 1997 aka buga shi.