Malam Umaru Falke, ɗan kasuwar da ya tara littattafai sama da 3,000

An haifi Malam Umaru Falke a shekarar 1893 a Gulu, ɗaya daga cikin ƙauyukan manoma da ke kewaye da birnin Kano. Laƙabinsa ya nuna sana'arsa, domin falke shi ne tilon fatake. Ya yi karatu a gaban malaman Tijjaniyya na Kano, sannan ya bi hanyoyin fatauci zuwa kudu, har ƙasar da a yau ake kira Gana.

A waɗannan tafiye-tafiye bai rabu da alƙalami ba. Yana saye da sayarwa, yana karantarwa, yana kuma sayen littafi ko kwafe shi a duk inda ya yada zango. Daga baya ya shiga sahun malaman Kano da suka bi Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha.

Lokacin da ya rasu a 1962, ya bar rubuce-rubuce sama da 3,000, mafi yawansu na hannu. Akwai fiƙihu da tauhidi da nahawu, akwai waƙoƙin Larabci da na ajamin Hausa, akwai nasa wallafe-wallafen. Wani kaso mai yawa kuwa na asirai ne da laƙani da magunguna, irin takardun da wasu 'yan boko kan raina, alhali su ne ke nuna buƙatun da talaka ke kai wa malami: ciwo, haihuwa, kasuwa, tsari.

Shekara biyu bayan rasuwarsa, a 1964, aka buɗe Ɗakin Karatu na Ƙasa a Legas. Dokar 1970 ta wajabta wa masu buga littattafai su kai masa kwafi, amma rubutun hannu da ke cikin adakar malami ba ya bi ta maɗaba'a, don haka dokar ba ta kai gare shi ba.

Littattafan Falke suna Amurka a yau, a ɗakin karatu na Herskovits da ke Jami'ar Northwestern, inda Abdullahi Mohammed ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansu a 1978. Wannan hijira ta tsirar da su daga gara da ɗigar damina da rabon gado, abubuwan da suka cinye littattafan malamai da yawa a karkarar Kano. Sai dai ɗalibin Gulu da ke son ya taɓa rubutun ɗan garinsu, dole ya fara da neman biza.