Mel Blanc: Mutumin Da Ya Ba Zomo Baki

Da wuya a samu Bakatsine sa'ana da ya san sunan Mel Blanc, amma kusan dukkanmu mun san muryarsa. Mu da muka tashi a Rafindadi da Ƙofar Sauri a ƙarshen shekarun 1980, zamanin da tashar talabijin ba ta buɗewa sai da la'asar, mun sha yin cincirindo muna kallon zomon nan Bugs Bunny yana wasa da hankalin maharbi. Ba mu jin Turanci, amma dariya muke yi har da hawaye. Sai da na yi nisa a nazarin harshe na gane dalili: halin kowace dabba a muryarta yake, kuma galibin muryoyin daga maƙogwaron mutum ɗaya suke fitowa.

An haifi Blanc a San Francisco ta Amurka ran 30 ga Mayu, 1908, ya girma a Portland, inda ya fara aikin rediyo a 1927. A 1937 kamfanin Warner Bros ya damƙa masa muryar Porky Pig, domin wanda ya gada mai i'ina ne na haƙiƙa, ɗaukar maganarsa kan cinye lokaci da kuɗi. Blanc kuwa ya san inda zai sa i'inar da inda zai sake ta. Da aka fito da Bugs Bunny a 1940, sai ya gauraya masa karin harshen Brooklyn da na Bronx, wato bakin 'yan birnin New York masu wayon tsiya. Agwagwa Daffy da kyanwa Sylvester kusan murya ɗaya ce mai tsamin baki, illa dai ana ƙara wa ta agwagwar sauri. Duk da haka, sai a 1944 aka soma rubuta sunansa a fina-finan.

A 1960 tashar ABC ta fara The Bugs Bunny Show, inda zomo da agwagwa kan hau dandali da waƙa da rawa, sannan su gabatar da gajerun labaran barkwanci. Cikin Janairun 1961 Blanc ya yi mummunan haɗarin mota a Los Angeles, ya yi kusan mako biyu a dogon suma. An ruwaito cewa bai amsa kiran kowa ba sai da likita ya kira shi da sunan Bugs Bunny, ya amsa da muryar zomon. Yana kwance yana jinya ya ci gaba da ɗaukar murya. Ya rasu ran 10 ga Yuli, 1989, yana da shekara 81, bayan ya ba ɗaruruwan zane-zane baki.

Aikinsa bai rasa abin suka ba. An zargi muryar ɓeran nan Speedy Gonzales da yi wa mutanen Meziko ba'a. Wannan darasi ne ga masu barkwancinmu da ba su da jari sai gwalantar Hausar waɗanda ba su tashi da ita ba.

Mai karatu, hikimar nan ba baƙuwa ba ce gare mu. Tun kafin a haifi Blanc kakanninmu mata ke ba Gizo tsamin baki a tatsuniya, 'yan kama suna juya murya a dandali, daga baya Samanja ya gina suna da Hausar bariki. Amma yau 'ya'yanmu suna kwana kan katun ɗin waya wanda mafi yawansa ba da harshensu yake magana ba, alhali da kunne yaro ke koyon harshe. Ina kira ga gidajen talabijin namu da sassan Hausa na jami'o'inmu da su haɗa masu zane da masu murya, su ɗauki koyar da sarrafa murya a matsayin sana'a, a riƙa rubuta sunan mai ita ana biyansa haƙƙinsa. Gizo da Ƙoƙi sun daɗe suna jira. Allah Ya sa mu dace.