Ip Man: Tsohon Ɗan Sandan Da Ya Koya Wa Bruce Lee Kauda Naushi

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Jos zamanin da silimar Kwararafa da ta Rex ke cika maƙil da masu kallon fina-finan Indiya da na Chanis, ya san Bruce Lee. Da yawa ba su manta da karawarsa da O'Hara a fim ɗin Enter the Dragon na 1973 ba: an jingina wuyan hannu da wuyan hannu, kafin ƙiftawar ido Lee ya make hannun abokin karawarsa gefe, naushi ya sauka a fuska. Sunan wannan dabara pak sau, kuma a makarantar wani siririn dattijo mai suna Ip Man ya koyo ta.

An haifi Ip Man ranar 1 ga Oktoban 1893 a Foshan da ke lardin Guangdong, kudancin ƙasar Sin, a gidan masu hannu da shuni. Yana yaro aka kai shi wurin Chan Wah-shun, malamin salon faɗa na Wing Chun, ya zama ɗalibinsa na ƙarshe. Tsufa ya riga ya cim ma malamin, don haka ɗaya daga cikin manyan ɗalibansa, Ng Chung-sok, ya ci gaba da horar da yaron.

Abin da aka koya masa ya saɓa wa tunanin mai ji da ƙarfi. A Wing Chun ba a tarar naushi gaba da gaba, domin wanda ya fi ƙarfi shi zai rinjaya. Ana buɗe tafin hannu ne a bugi hannun mai kawo farmaki tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, a karkatar da shi kaɗan daga tsakiyar jiki, ɗaya hannun kuma ya kai duka a lokaci guda. Kuskuren sabon shiga shi ne ya bi hannun da ya kauda har can gefe, ya bar ƙirjinsa a buɗe. Maganin wannan shi ne atisayen chi sau, inda mutum biyu ke manne hannuwa suna juyawa, har fata ta riƙa jin niyyar abokin karawa tun ido bai gani ba. Masu kallon dambe ba za su ga baƙon abu a nan ba: hannun da ba a ɗaure ba, wanda ɗan dambe ke miƙawa gaba yana karewa da shi, sau da yawa shi ke hana a kai shi ƙasa.

Yana saurayi ya tafi Hong Kong karatu a kwalejin St. Stephen's. A can, kamar yadda ɗalibansa ke ba da labari, wani dattijo, Leung Bik, ya kayar da shi cikin sauƙi, ya sauke masa girman kai, sannan ya karɓe shi ɗalibi. Da ya koma Foshan sai ya shiga aikin ɗan sanda a ƙarƙashin gwamnatin Kuomintang. Bai buɗe makaranta ba, don ɗan masu kuɗi ba ya buƙatar sayar da iliminsa.

Duniya kuwa rawar 'yan mata ce. Sojojin Japan sun mamaye Foshan a 1938, dukiyar gidan ta zube. A 1949 'yan kwaminis suka karɓi mulki, kakin da ya kasance abin alfahari ya zama abin tuhuma. Yana da shekara 56 ya gudu Hong Kong, ba muƙami, ba albashi. An rufe iyaka a 1951 matarsa Cheung Wing-sing tana Foshan, ba su ƙara ganin juna ba har ta rasu a 1960.

Abin da ya riƙe a matsayin sha'awa shi ya koma hanyar cin abincinsa. A 1950 ya fara koyarwa a ofishin ƙungiyar ma'aikatan gidajen abinci, Leung Sheung ne ɗalibinsa na farko a Hong Kong. Da farko ɗalibai ba sa daɗewa, kuma ba abin mamaki ba ne: darasin farko, Siu Nim Tau, tsayuwa ce wuri ɗaya ana motsa hannu sannu a hankali, alhali saurayi faɗa ya zo koyo. A tsakiyar shekarun 1950 Bruce Lee ya shigo, Wong Shun-leung ne ya fi ɗaukar nauyin horar da shi, kuma ya tafi Amurka a 1959 bai kammala salon ba.

Fim ɗin Ip Man na 2008, wanda Donnie Yen ya fito a ciki, ya nuna shi yana ragargaza 'yan karate goma na Japan shi kaɗai. Wannan ƙagaggen labari ne, kuma ya rufe mutumin na gaskiya, wanda ya fi jarumin fim ɗin ban sha'awa.

Ciwon dajin maƙogwaro ya kama shi a ƙarshen rayuwarsa. Gab da rasuwarsa, a rame, ya tsaya gaban kyamara aka ɗauke shi yana nuna darussan salon da atisayen gunkin katako, domin kada a jirkita su a bayansa. Ya rasu ranar 2 ga Disamban 1972 yana da shekara 79. Bruce Lee ya bi shi ranar 20 ga Yulin 1973.