Vincent van Gogh, Ɗan Fasto Mai Zanen Fuskoki

Sau da yawa, in yaro ya soma koyon zana fuskar mutum da fentin mai, malaminsa ya kan ajiye masa hoton wani Bature mai jan gemu, ya ce ya kwaikwaya. Sunan Baturen Vincent van Gogh, shi ne kuwa ya zana kansa. Muna so masu karatu su ji labarinsa, gama shi ma ta wurin kwaikwayon aikin waɗansu ya koya.

An haife shi a Zundert, ƙasar Holan, ran 30 ga Maris, 1853. Ubansa fasto ne. Ya yi shekara 7 yana aiki wurin masu cinikin hotuna, aka sallame shi. Sa'an nan zuciyarsa ta koma ga aikin Bishara. A 1879 aka aike shi wa'azi wurin masu haƙar kwal a Borinage, ƙasar Beljiyam. Da ya ga talaucinsu sai ya rarraba musu tufafinsa, ya bar masaukinsa ya koma kwana a bukka. Bayan wata 6 waɗanda suka aike shi suka ce aikin ya ƙare. Gaskiya mutum ne mai wuyar sha'ani, amma a ganinmu sun yi gaggawa.

A 1880, yana da shekara 27, ya ɗauki gawayi da takarda. Ya sami littafin koyon zane na Charles Bargue, ya bi shi shafi shafi, da ya gama ya sake komawa farko. Ya kwaikwayi hotunan manoma na Millet ba iyaka. A ƙarshen 1881 wani surukin gidansu, Anton Mauve, ya nuna masa yadda a kan riƙe buroshi da fentin mai. Ƙanensa Theo ne ke aika masa kuɗin abinci da na fenti, bai kuwa fasa ba har ƙarshe.

Fuskar mutum ita ce abin da ya fi ƙauna, amma ba shi da kuɗin biyan wanda zai zauna masa. Saboda haka da ya je Paris a 1886 sai ya kan zauna gaban madubi. Ya zana kansa fiye da sau 30. A can ya bar launuka masu duhu. Inuwar kumatu, wadda wani zai yi da baƙi, shi ya kan yi ta da kore ko shuɗi, ya jera su kusa da ruwan goro domin kowane ya ƙara wa ɗan'uwansa haske. Fentin kuwa da kauri ya ke sa shi, gajere gajere, ba ya gogewa. Shi ya sa masu koyo ke son aikinsa: kowane sawun buroshi yana nan a fili, ana iya binsa.

A Disamba 1888, a garin Arles, bayan sun yi faɗa da abokinsa Gauguin, ciwon hauka ya kama shi, ya yanke kunnensa. A Mayu 1889 ya kai kansa asibitin Saint-Rémy. Can masu zama masa kaɗan ne, in ciwon ya tashi kuma ba ya fita. Sai ya koma ga abin da ya fara da shi. Theo ya aika masa hotunan ɗab'i, baƙi da fari, shi kuwa ya mai da su da fentin mai, yana zaɓen launi da kansa. Na Millet kaɗai sun kai 20. Ko da ya ke ya daɗe da barin sujada, ya ɗauki Basamariye mai tausayi na Delacroix, da tashin Li'azaru na Rembrandt. Li'azarun nan da ke fitowa daga kabari, jan gemu ya yi masa.

A Yuli 1890, a Auvers, ya harbi kansa, ya mutu ran 29, yana da shekara 37. Bayan wata 6 Theo ya bi shi, kaburburansu suna nan kusa da juna. Hoton likitansa Gachet, wanda ya zana makonni kaɗan kafin ya mutu, an sayar da shi a 1990 a kan dala miliyan 82.5.