Malam Aminu Kano da yaƙin haraji da jangali

An haifi Malam Aminu Kano a birnin Kano a watan Agustan 1920, a gidan malamai. Mahaifinsa, Malam Yusufu, muhuti ne a kotun alƙali.

Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya koyar a Bauchi, ya ƙaro ilimi a Landan. A 1950 ya ajiye aikin koyarwa ya rungumi jam'iyyar NEPU, wadda ya zama shugabanta a 1953.

A wancan zamani Dutse gunduma ce a ƙarƙashin En'e ta Kano. Da kaka ta yi, dagatai da masu unguwa kan bi magidanta kuɗin haraji, makiyaya kuma su biya jangali a kan kowace saniya. Ko damina ta yi albarka ko an yi fari, sai an biya. Wanda ya gaza sai ya sayar da akuya ko hatsin rumbu, ko ya ci bashi, wani ma ya bar gari.

Wannan nauyi na cikin abubuwan da Malam Aminu ya fi ɗaga murya a kansu, kuma magoya bayansa da dama sun sha ɗauri a kotunan En'e.

Ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya na sadarwa, daga baya na lafiya, a gwamnatin Janar Gowon.

A zaɓen 1979 bai samu shugabancin ƙasa ba, amma jam'iyyarsa ta PRP ta lashe jihohin Kano da Kaduna, inda gwamnoni Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Kuɗin man fetur da ke zuwa daga tarayya ya sa cika wannan alkawari ya zo da sauƙi.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983, shekaru takwas kafin a ƙirƙiro jihar Jigawa. Akwai dandali mai sunansa a Dutse, kuma ɗaya daga cikin almajiransa, Sule Lamido, da ya zama gwamna a 2007, ya ware wa naƙasassu alawus na naira 7,000 a wata.

Shi kuwa haraji ya dawo ta kasuwa: a 1994 aka fara karɓar harajin VAT na kashi 5 cikin 100 a kan kayayyaki, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a 2020.