Alexander Graham Bell: Ɗan Kurma Mai Suna A Ma'aunin Sauti

An haifi Alexander Graham Bell a birnin Edinbara a 1847. Mahaifinsa masanin furuci ne, mahaifiyarsa kuwa ta kurumce, haka ma matarsa Mabel. Koyar da kurame magana ne ya kai shi binciken sauti, har ya mallaki haƙƙin ƙirƙirar tarho a 1876. Bayan rasuwarsa a Kanada a 1922 aka raɗa wa ma'aunin sauti sunansa, wato desibel: ƙarin desibel 10 na nufin ƙarfin sauti ya ninka sau goma, ƙarin 20 kuwa sau ɗari. Sai dai ya yaƙi koyar da kurame da maganar hannu, alhali daga baya ilimin harsuna ya tabbatar cikakken harshe ce. Kurame ba su manta ba.