Florence Nightingale da Tsarin Shugabancin Asibiti

Da zarar an ambaci Florence Nightingale, abin da kan zo wa mutane a rai shi ne mace riƙe da fitila tana zagaya majiyyata cikin dare. Sai dai gadonta mafi nauyi yana cikin tsarin tafiyar da asibiti ne.

An haife ta ranar 12 ga Mayu, 1820 a birnin Florence na Italiya, cikin gidan attajirai 'yan Ingila. Iyayenta ba su so ta yi aikin jinya ba, domin a lokacin ana ganin sa aikin ƙasƙanci ne. Duk da haka ta je Kaiserswerth a Jamus ta sami horo a 1851, sannan a 1853 aka damƙa mata wani ƙaramin asibitin mata a Landan.

A 1854, ana tsakiyar yaƙin Kirimiya, gwamnatin Birtaniya ta tura ta asibitin soja na Scutari, gefen Istanbul, tare da mata 38 masu jinya. Likitocin soja ba su yi maraba da su ba. Maimakon ta ja da su, sai ta hana matanta taɓa majiyyaci har sai likita ya nema, ta karkata ga abin da kowa ya yi watsi da shi: ɗakin girki, wanki da rumbun kaya. Amma cututtuka irin su kwalara da atuni sun ci gaba da kashe sojoji, har sai da kwamitin tsafta ya iso a Maris 1855 ya gyara magudanan ƙazanta. Wannan ya tabbatar mata cewa ƙwazon ma'aikaci ba ya rufe ɓarakar tsari.

A 1860 ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas na Landan bisa ƙa'ida bayyananna: likita ne ke ba da umarnin magani, amma horar da nas-nas, raba musu aiki da ladabtar da su suna hannun shugabarsu, wadda ita ma nas ce. Wannan tsari ne asibitocinmu suka gada ta hannun Turawan mulkin mallaka.

Ta rasu ranar 13 ga Agusta, 1910 tana da shekara 90. Likitoci da sauran ma'aikatan lafiya da ke jayayya kan wa ya cancanci shugabantar asibiti ya kamata su waiwayi rayuwarta. Muddin ba a fayyace hurumin kowa ba, majiyyaci ne ke kwana a ciki.